Masu Fashin Awon Ido a Dumega

Dogon Dutsi, farkon bazara

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kuna lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Ga takarda nan da manyan haruffa yadda ka ce, tunda ka rantse ba za ka ƙara matse ido a kan rubutun salula ba. Direban da ke zuwa Dumega ran kasuwa shi zai riƙa kawo maka.

Na ji daɗi da Inna ta ce ka yarda ka shiga gwajin maganinmu. Bari in sake yi maka bayani, don ranar da na yi maka shi a waya rabin hankalinka yana kan akuyar da ta shige maka lambu. Ciwon da ke idonka shi ne tansiyon na ido, wato ruwan cikin ido ne ya yi yawa yana danne shi. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, sai dai ya yi ta cin gani daga gefe-gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na hagu ya riga ya tafi, Baba. Na dama kaɗai ya rage mana.

Tsohon maganin ɗigawa yana aiki, amma zafin ƙasarmu yana saurin kashe shi. Sabon yana jure zafi, abin da ba mu sani ba shi ne ko ya kai tsohon ƙarfi. Shi ya sa aka raba mutane da ƙuri'a, rabi sabo rabi tsoho, a kwalabe iri ɗaya. Ba wanda ya san abin da ke cikin tasa, har shugabanmu Dokta Bilyaminu. Ni lissafi ne aikina. Lambobi nake gani a ordinater, wato kwamfuta, ba sunaye ba, kuma an hana ni zuwa wurin awo don kada in gane wa ke da wace lamba. Ko taka ban sani ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kowane wata masu awo za su zo gidan likitan Dumega su auna ido, su ba da sabuwar kwalba. Duk wanda aka ga tansiyon ɗinsa ya ƙi sauka, nan take za a cire shi a kai shi Yamai a yi masa aiki tun da sauran gani. Don Allah kada ka yi fashin awo, ko da sau ɗaya.

A gaida Inna. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Hasiya


Dumega

Zuwa ga ɗiyata Hasiya mai lissafi,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi. Muna lafiya, zafi ne dai sai godiya. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsanake, na sami wuri ɗaya da kika manta waƙafi, na sa miki shi da jan alƙalami.

Ki kwantar da hankalinki. Masu awonku sun zo, yara biyu cikin farar riga, suna kiran sunaye a hankali kamar masu neman gafara. Tsofaffi kuwa sun cakuɗe a bakin ƙofa, kowa na cewa shi ya riga zuwa, Inusa mai jaki har ya ɗaga sanda. Sai na miƙe. Mutumin da ya yi fiye da shekara talatin yana mushe a lakwal, wato malamin makarantar boko, ba zai zauna yana kallon wannan ɓarna ba. Tsawa ɗaya na daka, suka yi layi, maza dama mata hagu. Yaran nan suka dube ni da idon godiya, a nan take suka naɗa ni mai tara musu mutane kowane wata.

Duk gari ya ɗauka cewa maganin Hasiya ɗiyar Mushe Mani ne. Na gaya musu ba ke kika haɗa shi ba, amma ban faɗa da ƙarfi ba. A'i mai fura ta ce, "Wagga ɗiya tun tana tatata munka san kanta na ja." Ban musa mata ba.

To, tunda sunanki ya hau kan abin nan, nawa ma ya hau. Ina so ki sani, duk tsawon aikina insifekta bai taɓa shiga ajina ya fita fuska a ɗaure ba. Akwai yadda ake shirya aji in baƙo zai zo, ku 'yan ordinater ba a koya muku wannan. Dumega ba za ta ba ki kunya ba.

Batun idona, lafiya lau yake. Jiya tun daga bakin masallaci na hango jakin Inusa a gindin rijiya. Innarki ta ce ba jakin ba ne, Inusa ne da kansa ya duƙa yana gyara takalmi, amma kin san ta da gardama.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki nasara a kan lambobinki.

Mahaifinki,
Mushe Mani


Dogon Dutsi, gab da damina

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, ina fata an gama sharar gona lafiya.

Sakamakon Dumega ya sa Dokta Bilyaminu yana yawo a biro, wato ofishinmu, yana murmushi shi kaɗai. A Tibiri da Dogon Kiriya akwai waɗanda magani ya karɓa, akwai waɗanda ya ƙi, akwai waɗanda idonsu ya yi ja, kamar yadda aka saba. A Dumega kuwa babu ido ɗaya da ya yi ja, babu tansiyon ɗaya da ya hau. Dokta ya ce zai kai labarin taron likitoci a Yamai, har ya ba tela ɗinkin sabuwar riga.

Ni kam abin ya hana ni sukuni. Magani ɗaya ne, rana ɗaya ke dukan garuruwan uku. Na juya lambobin nan ta kowace fuska, bambanci ɗaya na gani: a Dumega kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya zuwa awo, kuma kusan mutanen nan ne dai kullum. Masu awo sun ce kai ne kake gaya musu dalilin kowa, su rubuta. Baba, akwai lambar da ta tafi neman raƙuminta tun tsakiyar bazara, har yau ba ta dawo ba. Akwai wadda ta binne surukarta watan jiya, ta sake binne ta wannan watan.

Don Allah ka bincika mini. Kuma kai dai kana zuwa ko? Ka amsa mini wannan kafin komai.

'Yarka,
Hasiya


Dumega

Ɗiyata Hasiya,

Bayan gaisuwa da sa albarka. An yi ruwan fari, mun yi shuka.

Tambayarki ta ba ni mamaki. Ranar awo ni nake riga kowa isa gidan likita, ni nake shimfiɗa tabarmi. Ki tambayi yaranku in akwai watan da ba su gaisa da ni ba.

Mai surukar nan Inusa ne, na san ba a so in faɗa miki suna, amma mutuncinsa nake karewa. Ta farko ashe ba mutuwa ba ce, doguwar suma ce. Ta biyu kuwa alhamdu lillahi, tsohuwar tana samun sauƙi. Shi kuma mai raƙumi, ke kin daɗe a birni ne kin manta, raƙumi ba kaza ba ne da za a leƙa bayan ɗaki a gan shi.

Zan ba ki shawara irin ta wanda ya ga jarrabawa iri-iri. In aji ya ci, hamdala ake yi. Ba a bin yara ɗaya-ɗaya ana tambayarsu don me ba su faɗi ba. Ke kin fiye tone-tone, wannan kuwa ba daga wajena kika ɗauko shi ba. Ki bar bawan Allah ya sa rigarsa ya tafi taronsa.

Allah ya tsare.

Mahaifinki,
Mushe Mani


Dumega

Hasiya,

Salamu alaikum. Ni ce Innarki. Ki yi haƙuri da rubutun, na makarantar manya ne, kuma a ɓoye nike yi, babanki ya tahi gona. Muna lahiya amma ba lahiya ba.

Ga abin da ake yi. Ana gobe awo yana tara su duka gindin iccen bedi na ƙofar gida, ya yi musu nashi awon. Yana danna idon mutum da yatsa kamar mai sayen gwanda. Sannan a zago da jakin Inusa ta gefen mutum a hankali, a ce in ya gan shi ya yi magana. Wanda bai ga jaki ba sai da ya zo gabanshi, ya hwaɗi. Wanda idonshi ya yi ja, shi ma ya hwaɗi. Da safe waɗanda sunka hwaɗi a loda su a amalanke a kai su rugar Mahaman abokinshi, su yini suna shan nono har motar likita ta tashi. Kwalabensu shi yake amsar musu. Ya ce haka yake yi a lakwal, in insifekta zai zo a sa masu ƙoƙari gaba, daƙiƙai a aike su itace.

Su kam abin ya yi musu daɗi. Matar Mahaman ba ta rowa. Yanzu har masu ido lahiya suna yi kamar ba su ga jaki ba don su samu shiga amalanke.

Da nan abin ya tsaya da ban ɓata takarda ba. A wata na biyu A'i mai fura ta ce, "Mushe, kai ma zamna a gwada ka, ai ba mu kaɗai munka ci bashin ido ba." Ya zamna yana dariya. Anka zago da jaki ta damanshi. Jaki ya zo har ya tsaya yana shinshinar hularshi, babanki yana kallon gaba yana cewa, "Ku taho da shi mana, me kuke jira?" Da ya gane, sai ya cire hula ya kakkaɓe, ya ce doka doka ce, ba ta san mai ita ba.

Tun ran nan ba a auna shi ba. Gaskiya ne yana riga kowa zuwa. Sai ya jera mutane, ya gaisa da masu awo, ya ce bari ya kirawo sauran, ya bi ta bayan masallaci ya hau amalanke. Yaran nan kunyarshi suke ji, ba su iya tambaya.

A gida yana buge ƙofa da kafaɗa ya ce an matsar da ita. Na yi mai magana, ya ce in anka auna shi zai jawo ma maganinki hwaɗuwa. Hasiya, tsoro nike ji. Ke kika san abin yi.

Innarki,
Hawwa'u


Dogon Dutsi

Inna,

Ina gaishe ki, Allah ya saka miki da alheri. Na karanta takardarki na yi dariya har abokan aiki suka juyo, sannan na fita bayan biro na yi kuka.

Na je na gaya wa Dokta Bilyaminu komai. Ya tambaye ni ta wace hanya mota ke bi zuwa rugar Mahaman. Awo na gaba ki bar Baba ya loda amalankensa kamar kullum. Kada ki ce masa komai, kada kuma ki yi masa fara'ar da ba ki saba ba, zai gane.

'Yarki,
Hasiya


Dumega

Hasiya,

Ina amsa gaisuwar da ba ki aiko ba.

An yi mini kwanton ɓauna, kuma na san da hannunki a ciki. Mun isa ruga da hantsi cikin nishaɗi, A'i tana ba mu labari, sai ga farar mota a bayan garke. Ga Dokta Bilyaminu zaune a kan tabarmata, da ludayi a hannu, ya riga mu fara sha. Mahaman, abokina tun ƙuruciya, yana gefensa yana sosa ƙeya. Inusa ya diro daga amalanke zai gudu, bai ga saniyar da ke gefensa ba, ya rungume ta. Sai Dokta ya miƙe ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce, "Mushe, mun ga ajinka na farko ya yi kyau, yau na biyun muka zo gani."

Aka auna mu a inuwar bukka, ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda nono ya kawo su aka gane su nan take, suka koma gefe suna kallon ƙasa. Ni na ce a fara da mata, sannan na ce a fara da waɗanda suka girme ni, har aka rasa wanda za a fara da shi sai ni. Ya ɗora mini na'urarsa, ya duba, ya sake ɗorawa. Daga nan bai ƙara murmushi ba. Ya ce Yamai, cikin makon nan, ni da wasu uku.

Wadda ta kai tsegumi na san ta. Tana nan tsakar gida tana tankaɗe tana 'yar waƙa kamar ba ita ba.

Yanzu ki saurara. Na ji an ce Dokta ya fasa zuwa taro, kuma duk lissafinki sai an sake shi. Ni ban yi don in cuci kowa ba. Na ga kin sha wahalar karatu, na ga yadda kika yi farin ciki da aikin nan, ban so a ce abin da kika sa hannu a ciki ya faɗi a garin ubanki ba, balle a ce idon ubanki ne ya kayar da shi. Ba zan taka zuwa Yamai ba sai kin gaya mini gaskiya. In rubuta sakamakona zai jawo miki faɗuwa, a goge ni kamar ban taɓa shiga ba. Na ga duniya da yawa, ido ɗaya na tsoho bai kai aikinki ba.

Mahaifinki,
Mani


Dogon Dutsi

Babana,

Ina gaisuwa, ina durƙusawa, kuma ka gafarce ni a kan kwanton ɓauna. Ko yau aka koma sai na sake.

Ka ce in gaya maka gaskiya, ga ta. Kun zauna a bencin da ba naku ba. Ba ku ake yi wa jarrabawa ba, maganin ake yi wa. Shi ne ɗalibi, ku ne insifektoci. Abin da ka yi shi ne ka kwashe duk insifektan da ya ga kuskure ka kai shi shan nono. In haka za a yi, ko ruwan rijiyar ƙofar gidanmu muka ɗura a kwalba sai ya ci. Daga nan a raba shi duk ƙasar Arewa, tsofaffi su yi ta ɗigawa suna makancewa a hankali, da sunana a ƙasan takardar da ta ce yana aiki. Wannan ce faɗuwar da nake tsoro.

Ban san abin da ke cikin kwalbarka ba, sabo ko tsoho, sai ranar da aka buɗe ƙuri'a. Ko wanne ne, ya kasa a idonka, kuma dole a rubuta ya kasa. Lambarka ta fi mini amfani a kan duk waɗanda ka jera a gaba. Ba wanda zai kore ni. Aiki ne zai ƙaru, rigar Dokta kuma ba za ta ruɓe ba.

Yanzu na ajiye lissafi. Baba, ni ba maki nake nema a wurinka ba. Kai ka kama hannuna ka koya mini rubuta sunana, ba zan yarda in zauna ina kallo ka rasa idon nan saboda ni ba. Ba zan iya ɗaukar wannan ba har in mutu. Yaya Luƙman zai zo da mota jibi, ni kuma zan same ku a Yamai. In ka ƙi shiga, ni da kaina zan ajiye aikin in dawo Dumega in zauna, ka ga sai ka huta da kare shi.

'Yarka mai ƙaunarka,
Hasiya


Dumega, tsakiyar damina

Hasiya,

Salamu alaikum. Mun dawo gida lahiya. Babanki ke hwaɗi ni ke rubutawa, likita ya hana shi alƙalami tukuna.

Ya ce in gaya miki bayan kin koma an kwance mai ido, tansiyon ya sauka. Ya ce ki rubuta shi cikin waɗanda magani bai yi ma aiki ba, kuma ki rubuta da kyau, ba ya son goge-goge. Ya ce yana sa miki albarka. Ya ce in karanta mai abin da na rubuta ya ji ko da kuskure, na karanta mai iyaka nan.

Saura tawa. Likitan Yamai ya ce abin da ya rage zai zamna in Allah ya yarda, amma kaɗan ne, kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. Ya ce da tun bazara anka zo da ya fi haka. Babanki ya ji da kunnenshi.

Ki zo ran Juma'a. In kin shigo kada ki durƙusa gefenshi ki sunkuyar da kai yadda kika saba gaishe shi. Ki zo gabanshi sak, kusa, ki ɗaga fuskarki, ki tsaya har sai ya gama kallo.

Innarki,
Hawwa'u